Mai Wankin Riguna

Ni ne Nomau, mai wankin rigunan Taurarin Layin Dogo.
Shekara tara ina shanya su a bayan tashar Ƙaura,
inda kaji ke kiwo tsakanin ƙarafan jirgi.
Ba a taɓa rubuta sunana a takardar 'yan wasa ba,
amma ko a duhu ka miƙo mini riga
zan gaya maka mai ita daga warin guminsa.

Wasa ashirin da biyu muka buga bana.
Mun ci tara, an ci mu bakwai, saura kunnen doki.
A Talata Mafara ruwa ya sauko ana saura minti goma,
Labbo ya zame a taɓo,
ƙwallo ta bi ta ƙarƙashin hammatarsa kamar ɓera.
Har muka iso gida ba wanda ya yi tari a mota,
sai direba da ke ta murɗa rediyo.
Sau uku na wanke rigar nan.
Taɓon Mafara ya ƙi fita duka.

Aka busa usur na ƙarshe, aka sa wa fili kwaɗo,
awakin Hajiya Tumba suka karɓi tsakiya.
Daga nan waya ta kama aiki.

Anaruwa, lamba tara, mai ƙafar hagu kamar lauje,
wasu masu jar mota suka zo daga Kaduna,
suka zauna da tsohonsa a zaure,
suka sha fura, suka bar ambulan a ƙarƙashin tabarma.
Da dare ya zo mini:
"Baba Nomau, ba ni rigata in tai da ita."
Na ce, ɗana, lambar aro ce, ba gadonka ba.
Ya yi dariya. Na ba shi safa.

Obinna ya koma shagon kayan babur na wansa,
ya ce tafi ba ya biyan kuɗin haya.
Jaɓɓi gwiwa ta ƙi, mai ɗori ya yi iya yinsa,
yanzu kankana yake yankawa a bakin kwalta.
In ƙwallon yara ta gangaro gaban teburinsa
sai ya duba hagu, ya duba dama,
sannan ya ɗaga ta da ƙafar mai lafiya.

Labbo kuwa ba a saye shi ba, ba a kore shi ba.
Koci ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Za mu kira ka."
Wata biyu ke nan yana kai waya caji.

Ranar Laraba aka sauke sababbi shida daga a-kori-kura,
biyu 'yan Shinkafi, uku daga Tsafe,
da wani dogo daga Zuru mai hannuwa kamar faifai.
Wanda aka ba lamba tara ko gemu bai fara ba,
rigar ta sauko masa har gwiwa,
ya tsaya yana kallon kansa a gilashin motar koci.

Ni na zauna da reza ina ɓamɓare sunaye.
Harafi na fita, inuwarsa na zama.
Ɗaga lamba tara ka saita ta da rana,
za ka karanta Anaruwa a bayan sunan yaron,
a bayan Anaruwa kuma akwai Maidamma,
wanda yanzu ke tuƙa tanka zuwa Legas.

Jiya bayan la'asar Labbo ya biyo ta bayan tasha,
wai hanya ce ta kawo shi.
Ya ga rigar mai tsaron gida tana ɗiga a igiya,
da tabon nan a haƙarƙari.
Ya ce, "Wa za ya sa ta?"
Na ce, dogon Zuru.
Ya murza tabon da babban yatsa, ya daɗe yana murzawa.
Ya ce, "Ka hwaɗa mai ya riƙa matse hammata in an yi ruwa."

Igiya ta saki saboda nauyi.
Ya kama mini baki ɗaya, na ja ɗayan,
muka ɗaure ta a jikin tsohon tarago.